Ranar da Anduang Ta Tashi Kafin a Sa Ankwa

Saura kaɗan in fasa rubuta muku wannan. Na buɗe wayar na rufe, na sake buɗewa na rufe, har Amak ta leƙo ɗaki tana tambaya ko wayar ce ba ta da lafiya. Kun san ni ba mai yawan magana ba ce, karatuna kuma bai wuce firamare ba, to idan abu ya tsaya mini a ƙirji sai kalmomin su watse su bar ni da yatsa a kan gilashi. Amma da yawanku kun dame ni a ƙasan rubutuna na baya, wai ina aka kwana da maganar Uda Yonri. Ga inda aka kwana.

Waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Desnita, a gida Ides. Gidanmu na katako ne mai matakala, a wani ƙauye bayan garin Payakumbuh. Mu huɗu ne a ciki, duk mata: Anduang kakata, wadda gidan da gonar shinkafar duk nata ne, sai Amak mahaifiyata, sai ƙanwarta Etek Yul, sai ni. Ni kaɗai ce mace a jikokin Anduang, gida kuma a wajenmu ta mace yake bi. Tun da na haura ashirin da biyar ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Kowane biki aka je sai an dawo da sunan wani. Ɗan wane ya buɗe gidan abinci a Pekanbaru, ƙanen wance ya samu aikin gwamnati. Ni dai sai in sunkuyar da kai in ci gaba da feraye rogo.

Sana'armu ke nan, soyayyen rogo mai barkono. Mu yanka shi siriri, mu soya, mu juya shi a jan yaji mai zaƙi, mu ƙulla a leda. Uda Yonri shi ne direban da ke zuwa ya kwashe ya kai shagunan Padang. Sunansa Yonrizal, Uda kuwa a wajenmu kamar a ce yaya ne. Da farko saƙonsa duk na kaya ne: an gama ƙullawa? Daga baya sai ya fara ƙarawa da, kin ci abinci? Ni kuma in yi ta kallon saƙon har man da ke kan wuta ya fara hayaƙi, sannan in rubuta, na ci.

Sai na gaya muku kamanninsa, don a nan matsalar take. Dogo ne, baƙi, mai kaurin gashin baki, da tabo da ya raba girarsa ta hagu biyu, wanda ya samu yana yaro da ya faɗo daga bishiyar kwakwa. Idan ya yi shiru sai ka ce wani ya ɓata masa rai tun jiya. Amma mutumin nan idan kaza ta tsaya a hanya, tsayawa yake yi ya jira ta gama tunaninta.

A wajenmu dangin mace ne ke zuwa neman namiji, kuma kafin a je, sai an tura wata daga cikin gida ta leƙo mutanensa a ɓoye. Etek Yul aka tura. Ba ta taɓa samun aikin da ya yi mata daɗi kamar wannan ba. Etek tana da tsofaffin littattafan masu binciken kisan kai tun na 'yanmatancinta, duk bangonsu ya cire, ta karanta su har ta haddace. Ta sa tsohuwar doguwar riga da hijabin zuwa gona, ta je gidansu a matsayin mai sayen ƙwan agwagwa. Da ta dawo sai ta zaunar da mu ta ba da rahoto: tukwanen uwarsa a wanke suke har gindi, dardumar sallarsa ta koɗe a wajen goshi, babu guntun taba a ƙarƙashin tagarsa, maƙwabciya kuma ta zage kowa a layin amma shi ba ta same shi da komai ba. Amak ta tambaye ta ƙwan fa. Ashe ta manta su a can.

Bayan haka ya zo gaisuwa, aka ba shi abinci. Ina leƙensa ta bayan labule. Da zai wuce ta gaban Anduang sai ya ranƙwafa, ya sauke hannunsa na dama ƙasa kamar yana share wa kansa hanya, yadda ake koya wa yara, duk tsawon nan nasa. Ya cinye shinkafarsa tas, ya ƙara romon kifi. Da ya tafi, abin da Anduang ta ce kawai shi ne yaron yana da ci. Daga bakinta wannan yabo ne babba. Mamak Syafri, wato kawuna, ƙanen Amak, wanda shi ke da magana a kan aurena, ya ce to ranar Lahadi sai a kai faranti.

Farantin nan na tagulla ne mai ƙafa, tun na kakar Anduang. A ciki ake jera ganyen sirih da tsofaffi ke taunawa, a lulluɓe da ƙyalle mai ado, mata su ɗauka zuwa gidan namiji. Idan mutanensa suka ɗauki ganyen suka tauna, magana ta ƙullu. Yana cikin kabad ɗin Anduang, mabuɗin kuma yana rataye a wuyanta da zare. Idan faranti bai fita ba, babu aure. Ko Mamak bai isa ya ce a fito da shi ba.

To yanzu in gaya muku abin da muke yi kullum bayan la'asar.

Akwai shirin da ake yi a talabijin, na laifukan da suka faru da gaske, ana samun mutane su kwaikwayi yadda abin ya kasance tun daga farko har kamun mai laifi. Mu dai shirin la'asar muke ce masa. Da an fara kiɗansa ƙauyen nan yake yin tsit, ko mai sayar da kifi a babur ba ya busa ƙahonsa. Mu shimfiɗa tabarma, mu jawo kwandon rogo da wuƙaƙe. Etek kullum mijin take zargi, ko da kuwa mijin ne aka kashe. Amak maƙwabci take zargi, musamman idan ya cika fara'a. Ni rufe ido nake yi idan an zo wajen jini. Anduang kuwa ba ta taɓa cewa ga wanda take zargi ba. Tana zaune a kujerarta ta kaba, tana tauna ganyenta, ba ta ko ƙifta ido, har sai an sa wa mutumin ankwa. Sannan ta ce alhamdulillahi, ta miƙe ta je alwalar magariba. Tun ina ƙarama haka na san ta.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a gidanmu, amma dole in faɗa muku. Anduang tana da ɗan fari, Mamak Darmi, ɗan acaɓa ne. Shi yake kai ni makaranta kullum, ina gaba a kan tanki, yana ɗora haɓarsa a kaina. Wata safiya bayan ya sauke ni, wani fasinja ya tsayar da shi a bakin kasuwa ya hau bayansa. A gonar roba aka tsinci gawarsa, babur ɗin kuma ba a sake ganinsa ba. Babu wanda ya ga fuskar fasinjan, don da hular kwano ya hau. Har yau ba a kama kowa ba. Daga ranar Anduang ta ce ba zan sake hawa babur ɗin kowa ba, makarantar gaba da firamare kuma tana da nisa. Karatuna a nan ya tsaya.

Ranar Laraba da azahar ina juya rogo a yaji, saƙo ya shigo.

"Ides, don Allah yau kada ku kalli shirin la'asar."

Na rubuta, me ya sa?

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Can sai ga shi: "Zan yi miki bayani. Ki dai hana su."

'Yan uwa, ni da ko gishiri ba na iya cewa a miƙo mini idan akwai baƙo, ni ce zan hana Anduang shirinta? Na dai gwada. Na ɓoye rimot a cikin buhun shinkafa. Etek ta danna maɓallin jikin talabijin ɗin ta kunna. Na ce kaina yana ciwo, ko za a kashe yau. Amak ta ce in shafa man zafi in zo in zauna, rogon nan ba zai feraye kansa ba. Na zauna na ɗauki wuƙa.

Aka fara. Sai ga ɗan acaɓa a bakin kasuwa yana goge madubin babur ɗinsa. Na ji Amak ta daina feraya. Wani mai baƙar rigar sanyi da hular kwano ya zo ya hau baya. Suka bar gari, suka shiga hanyar da babu kowa, bishiyoyi hagu da dama. Etek ta miƙa hannu a hankali za ta kashe, Anduang ta ce, ba tare da ta dube ta ba, "Bar shi."

Fasinjan ya zaro igiya daga aljihu. Wannan karon ban rufe ido ba, ban san me ya hana ni ba. Da ya gama, ya tsaya a kan gawar yana haki, sannan ya sa hannu biyu ya cire hular kwanon. Aka matso da fuskarsa har ta cika gilashin. Gashin baki. Girar hagu a rabe biyu.

Ina jin ƙarar fanka, ina jin agwagin maƙwabta. Anduang ta tofar da ganyen bakinta a gwangwaninta, ta dafa hannun kujera ta miƙe, ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Ko rabin shirin ba a kai ba.

Kafin a kira magariba wayoyin gidan duk sun ɗauki zafi. A zauren danginmu na waya wata ta riga ta ɗauki hoton fuskar ta saka, ta rubuta a ƙasa: ba wannan ne na Ides ba? Wata ta ce ita tun da ta gan shi a kasuwa jikinta ya ba ta. Wani ɗan Etek da ke karatu a Padang ya yi ta rubuta musu cewa wasa ne, akwai ma rubutu a ƙasan gilashin da ya ce kwaikwayo ne, amma wa ya tsaya karanta ɗan ƙaramin rubutu alhali ana shaƙe mutum? Matar da ke gefenmu ta hawo matakala da kwanon aron sukari, idonta yana yawo a ɗakin kamar a ƙarƙashin tabarma muka ɓoye shi.

Etek Yul ita abin da ya fi ƙona mata rai daban ne. Ta yi ta zagaye tana cewa ita da ta duba har gindin tukunya, a ce wannan ya wuce ta. Amak ta ce mata ai da ta tsaya ɗaukar ƙwanta wataƙila da ta ji.

Na shige bayan ɗakin girki na kira shi. Ni da ban taɓa kiransa ba, sai dai saƙo. Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa kamar wanda aka kama da gaske. Ya ce mutanen talabijin ɗin sukan ɗauki hayar motarsa ta kai musu kaya. Wata rana wanda zai fito a ɓarawo bai zo ba, mai shirin ya dube shi sama da ƙasa ya ce, kai, zo nan. Daga nan duk lokacin da ake neman mugu sai a kira shi, amma da can daga baya ake ɗaukarsa, ko da ƙyalle a fuska. Wannan ne na farko da aka nuna shi sosai. An ɗauka tun kafin ya san labarin Mamak Darmi, sai da safen nan aka gaya masa yau za a saka.

"Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba, Uda?"

"Kunya. Wa zai je neman aure ya ce sana'arsa ta biyu shaƙe mutane?"

Ban yi niyyar dariya ba, ta fito tare da hawaye. Ya ce ya taɓa roƙon mai shirin ko sau ɗaya a ba shi ɗan sanda, mutumin ya ce masa fuskarsa ta fi kyau da ankwa, mutane suna jin daɗi idan an kama irinsa. Wai an gwada shirin girki, an gwada na waƙa, duk sun mutu, na kisan kai ne kaɗai ba ya tsufa. Ya ce zai bari. Ya ce zai aske gashin bakin, in ana so har girar ma. Na ce ya dakata tukuna, ban san abin da ake so ba.

Mamak Syafri ya iso bayan magariba, ko hularsa bai cire ba. Ya tsaya a ƙofar Anduang yana yi mata bayani da ƙarfi-ƙarfi, yadda ake yi wa tsoho, cewa wasa ne, biyansu ake yi, wanda aka shaƙe ɗin ma yanzu haka yana gidansa yana cin abinci. Ƙofar ba ta buɗe ba. Ya dawo ya zauna ya ce wa Amak a ɗage maganar Lahadi. Ya ce shi bai ce yaron ya yi laifi ba, amma gida ba ya son surutu, kuma mai gidan abincin nan na Pekanbaru har yanzu bai yi aure ba. Yana maganar yana kallon bango, ni kuma ina zuba masa shayi kamar ba da ni ake ba. Na so in ce wani abu. Bakina ya ƙi buɗuwa. Haka nake, kun sani.

Da ya tafi, Amak ta ba ni farantin shinkafa ta ce in gwada kai mata, wataƙila ni ta buɗe mini. Ƙofar ma ba a kulle take ba. Na same ta zaune a bakin gado da zanin sallarta, carbi a cinya, hannunta ɗaya riƙe da mabuɗin da ke wuyanta. Na ajiye abincin na durƙusa, na ce da ƙaramar murya, "Anduang, wasa ne fa."

Ta dube ni. "Ke ma kin ɗauka na rikice? Na san wasa ne, Upiak." Haka take kirana tun ina jaririya. "Ɗan sandan nan mai tumbi, sau nawa na ga an kashe shi a wani labarin ya dawo? Syafri yana ta yi mini ihu kamar kurma."

"To mene ne?"

Ta ce tun ranar da aka kawo Darmi a lulluɓe, babu daren da ba ta ga mutumin nan a bayan babur ba. Tana ganin rigarsa, tana ganin hannunsa, amma idan ta zo fuska sai hular kwano. Ta yi ta roƙon Allah ya nuna mata shi ko a mafarki. Ta duba fuskokin mutane a kasuwa, a masallaci, a gidan biki.

"Yau ya cire hular," ta ce. "Na san ba shi ba ne. Kaina ya sani. Amma nan," ta taɓa ƙirjinta, "nan ya riga ya karɓa. Na rufe ido ɗazu a sallah, shi na gani."

Ta ci gaba, a hankali, ba da faɗa ba. Ta ce da a ce irin mutanen da miji ke ɗauke mace ya kai ta gidansu ne mu, da ta daure, ta gan shi da sallah kawai. Amma a nan shi zai shigo. Ɗakin da ke kusa da nata za a gyara mana. Da asuba za ta ji takunsa a katako, ta fito ta gan shi yana alwala a inda Darmi yake yi, ya zauna a tabarmar nan ta zuba masa shinkafa da hannunta.

"Ba zan iya ba, Upiak. Kuma ba na son in tsani mijinki a kan abin da bai yi ba."

Ita ce ta fara share mini hawaye, ba ni na share mata ba. Sai na ji na tambaye ta abin da ban taɓa tambaya ba, duk shekarun nan da muke zama tare a gaban talabijin. Na ce to me ya sa take kallo, tun da yana tuna mata.

"Saboda a can ana kama shi," ta ce. "Kullum. Kafin magariba an kama shi, an gaya wa uwar yaron dalili. Sai in tashi in yi alwala da sauƙi a raina."

Ta ce in ɗauke abincin, ba ta jin ci.

Na koma ɗakina na kwanta da hijabina a jiki. Saƙonnin Uda suna ta shigowa, ban buɗe ba. Maganarta ce take ta juya mini, kafin magariba an kama shi. Sai na tuna yau ba ta gani ba. Ta tashi yana tsaye a kan gawa, ya cire hula, babu wanda ya taɓa shi. A wajen Anduang mutumin nan yana nan a sake, da fuskar Uda, yana yawo. Na ɗauki wayar na rubuta masa abu ɗaya: ka turo mini ƙarshen shirin.

Ya ce, "Kin tabbata? An mare ni a ciki."

Na ce turo.

Washegari bayan asuba na same ta a matakalar baya, inda take zama tana taje furfurarta kafin rana ta fito sosai. Hazo bai gama tashi daga gonar shinkafa ba. Na zauna a matakalar da ke ƙasa da tata. Ban yi dogon bayani ba, don da na fara da na kasa. Na ce, "Anduang, jiya ba ki ga ƙarshe ba." Na ɗora wayar a gwiwarta na danna.

Na zaci za ta ture. Ba ta ture ba. Ta ajiye matajin ta matso da wayar kusa da idonta. Aka nuna yadda aka gano babur ɗin a wajen wani mai gyara, aka bi sawu har wata bukka. 'Yan sanda suka fito da Uda, rigar sanyin a yage, aka mare shi, aka murɗe hannunsa aka sa ankwa. Na ji numfashinta ya sauka. Leɓenta ya motsa, alhamdulillahi.

Na miƙa hannu zan karɓa, ta riƙe.

"Mayar da shi baya kaɗan."

Na mayar.

"A'a, inda za a shiga da shi ofis. Nan. Tsaya."

A bakin ƙofar ofishin akwai wani dattijo zaune a benci, cikin masu cika wuri, ba shi da ko magana a shirin. 'Yan sanda biyu suna jan Uda za su wuce ta gabansa. Sai ga mugun nan, mai kisan kai, ankwa a hannu, ya ranƙwafa, yana ƙoƙarin sauke hannun dama ƙasa, ankwar ta jawo na hagun ma suka sauka tare. Ni sau biyu na kalla da dare ban lura ba.

Anduang ta kalla, ta sa na sake mayarwa, ta sake kalla. Wani sauti ya fito mata ta hanci, ban sani ba ko dariya ce ko kuka.

"Dubi wannan," ta ce. "Wai shi mai kisa. Ana jan sa zuwa kurkuku yana neman izinin wucewa. Yaron nan ko wasan bai iya ba."

A duk shekarun da take kallon shirin nan, ranar ce ta farko da na ji ta yanke hukunci a kan wani.

Ta miƙo mini wayar, ta ɗauki matajinta, ta ci gaba da taje kai tana kallon gona. Na zauna ina jira. Can ta ce in gaya masa ya zo yau bayan la'asar, ya zauna kusa da kujerarta su kalli shirin tare. Kada ya kuskura ya aske komai, da fuskar nan take son ganinsa. Idan ta iya zama da shi har aka sa wa na yau ankwa, ta tashi ta yi alwala ba ta ga kowa a bayan babur ba, to Syafri ya sha shayinsa ya yi shiru.

"In kuma ba ki iya ba fa, Anduang?"

Ta sa hannu a wuya ta ciro zaren ta kansa, mabuɗin yana lilo, ta ajiye mini a tafin hannu. Da ɗuminta a jikinsa.

"Ban ce ki kai farantin ko'ina ba," ta ce. "Ya yi duhu ne kawai. Ki samo toka da lemun tsami."

Na rubuta wa Uda, ka zo bayan la'asar, kada ka aske, ka zo da yunwa. Ban jira amsarsa ba. Na buɗe kabad na fito da farantin daga cikin tsohon zanin da aka naɗe shi, na ɗebo toka a murhu, na yanka lemun tsami biyu. Na zauna a matakala ƙasa da ƙafafun Anduang na fara gogewa tun daga gindinsa, wayar tana ta rawa a ƙarƙashin cinyata, ni kuma ban ɗaga ta ba sai da jan tagullar ya fara fitowa.